'Yan Wasan Abu Sundus

Asabar, 9 ga Sha'aban 1427, bayan Magariba

Yau aka kwashe kujerun zaman makoki da aka jera a lungunmu, nan garin Manzo. Maƙwabta sun daina aiko da abinci, sai gidan Fatna, su ma tiren yana komawa kamar yadda ya zo. Da Hausa nake rubutu don a gidan nan ni kaɗai ce na yi boko a Kano. Kowa yana jin yaren, amma da Larabci suke karatu.

Saif, mijina, ya farfaɗo shekaranjiya. Yana ɗakin inaya, inda ake kwantar da waɗanda jikinsu ya yi tsanani. An huda masa maƙogwaro an sa bututu, ba ya iya magana. Hannun dama yana cikin filasta. Na hagu ne kawai yake motsawa.

Hatsarin mota ne. Wasu sun ce raƙumi ne ya shigo titin Yanbu, wasu sun ce taya ce ta fashe. Ban tambaya ba.

Yaya Abdulmajid, wansa, ya tara mu a falo, ni da Umma mahaifiyarsu da Nadiya 'yar'uwarsu. Ya ce likita ya hana a faɗa masa komai sai an cire bututun, jininsa ba zai ɗauka ba. Ya dube ni ya ce, “Asama'u, in ya tambayi yarinya, tana unguwar Jurf wajen Nadiya. Mamnu', ba a shiga da yara inaya. Kin ji?”

Na ce na ji.

Lahadi, 10 ga Sha'aban, da yamma

Na shiga. Bakina ya riga ni, na ce, “Abu Sundus, ya jiki?” Tun da aka haifi 'yarmu haka nake kiransa, shekara huɗu ke nan, ban san wani suna ba. Daga nan maganar ta tsaya. Na yi masa zancen zafi, na yi zancen mukayyif ɗin falo, na'urar sanyaya ɗaki, da yake ɗiga, na ce Umma tana gaishe shi. Yana kallona. Idonsa yana zuwa bayana, wajen ƙofa, daidai tsayin gwiwata, ya dawo.

Lokacin ziyara bai ƙare ba na fito. Na ce wa Yaya Abdulmajid barci yake yi.

Litinin, 11 ga Sha'aban, da hantsi

Ban je ba. Na ce kaina ke ciwo.

Talata, 12 ga Sha'aban, bayan Azahar

Na kunna kwamfutarsa don in nemo lambar shirkar, wato kamfanin da yake aiki a Yanbu. Sai shafin wasan nan nasa ya buɗe da kansa.

Besbol. Wasan Amurkawa ne, ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya buga da kulki ya ruga. Abokan aikinsa ne suka koya masa. Sun haɗa gasa a intanet, kowa da ƙungiyarsa ta ƙarya amma da sunayen 'yan wasa na gaske. Kullum sai ka zaɓi waɗanda za su shiga da waɗanda za su zauna a benci. Abin da mutum ya yi a filin gaske can Amurka, shi ne makin da kake samu a nan. Ba kuɗi a ciki. Wanda ya zo na ƙarshe shi yake sayen mandi, shinkafa da nama, ya ciyar da sauran.

Na sha yi masa dariya. Mutum da gemunsa ya zauna yana tunanin ko wani ɗan Kuba ya warke daga ciwon cinya. Shi kuwa sai ya jawo ni kusa yana yi min bayani, ni ina tsefe wa yarinya kai. Ashe wani abu ya shiga kunnena.

Duwatsun Harra, sunan ƙungiyarsa ke nan. Tana ta biyu kafin tafiyarsu Yanbu shi da yarinya. Yanzu ta biyar. Akwai mutum biyu da jan tambari a gefen sunansu, alamar rauni, suna cikin jerin masu shiga, ba wanda ya cire su.

Akwai saƙo daga wani Mista Ron, shi ne mai kula da gasar. Ya ce suna yi mana addu'a, in ana so zai rufe ƙungiyar. A ƙasa ya rubuta wata magana a kan yarinyar, ya ce ya gan ta a bakin teku ranar. Ban karanta ƙarshen ba.

Laraba, 13 ga Sha'aban, bayan Magariba

Na kwafe sunayen a takarda na tafi da ita cikin abaya. Da na zauna, kafin idonsa ya tafi ƙofa, na fito da ita.

Na ce, “Ƙungiyarka ta faɗo ta biyar. Dogo yana da jan tambari. In cire shi?”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya matse min yatsu sau ɗaya.

“Ɗaya na nufin e?”

Ya matse.

“To wa zan sa? Tsoho?”

Sau biyu. A'a.

“Bahago?”

Sau ɗaya, da ƙarfi.

Shi ya raɗa musu waɗannan sunayen tun da can, don na kasa furta na gaskiyar. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ban ankara ba sai ga nas tana cewa halas, ziyara ta ƙare. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba yau.

Alhamis, 14 ga Sha'aban, da safe

Bahago ya buga ƙwallo ta fita fili. Maki da yawa. Na tsinci kaina ina neman wanda zan faɗa wa.

Juma'a, 15 ga Sha'aban, bayan La'asar

Abin yana da dokoki, ina gane su a hankali. Da dare suke wasa a can, mu nan lokacin muna dab da Asuba, don haka in na dawo daga mustashfa, wato asibiti, sai in shigar da zaɓin kafin Isha. Na farko, ka duba wanda ƙungiyarsa ba ta da wasa ranar, in ka bar shi ka yi asarar gurbi. Sai ka duba mai jifan da za su fuskanta. In da dama yake jifa, mai bugu da hagu ya fi samun sa'arsa. Akwai wani fili a kan tsauni da Saif yake cewa iskarsa ba ta da nauyi, ƙwallo tana nisa, duk wanda zai yi wasa a can sa shi ko rago ne. Akwai ruwan sama kuma. In ana hasashensa, ana iya ɗage wasan, mutuminka ya tashi ba komai.

Ni da ban taɓa ganin filin ba, yanzu da safe ina duba ko za a yi ruwa a garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba.

Tsoho kam Saif ba ya son a sa shi, ba ya kuma son a kore shi. Na tambaye shi sau biyu ko in sallame shi in ɗauko wani matashi. A'a.

Asabar, 16 ga Sha'aban, bayan Magariba

Umma ta shiga tare da ni yau. Ta tsaya a gefen gado da carbinta ina karanta sunaye. Sai da muka shigo gida ta cire niƙabi.

“Asama'u, mene ne wancan?”

“Wasansa ne, Umma.”

“Caca?”

“A'a, ba kuɗi.”

“A garin Manzo, ɗana yana kwance tsakanin rai da mutuwa, ke kin zauna kina jera masa sunayen Nasara. Yasin ta ƙare ne? Ko ke abin bai taɓa ki ba?”

Nadiya ta ce, “Yumma, haram alaiki, bai dace ba.” Umma ta shige ɗaki.

Ba ta yi nufin haka ba. Ita ce ta riƙe ni ranar da maza suka dawo daga maƙabartar Baƙi'a hannu wofi. Amma ta faɗa, na kuma ji.

Lahadi, 17 ga Sha'aban, da rana

Mai bagala, kantin bakin lungu, ya ce, “Ummu Sundus, laban ko madara?” Sai ya kama bakinsa. Na ce laban, nonon da na saba saye. Ya ƙi karɓar komai, na ajiye masa na fito.

Litinin, 18 ga Sha'aban

Ta huɗu.

Talata, 19 ga Sha'aban, bayan La'asar

Rauda, makarantar ƙananan yara, ta buɗe, yara sun koma. Motarsu mai ruwan ɗorawa tana tsayawa a bakin lungu da safe, tana yin oda sau biyu. Direban bai daina ba tukuna, ko don 'ya'yan Fatna yake yi, ban sani ba. In na ji, sai in shiga banɗaki in buɗe famfo.

Malamarsu ta aiko da leda. Nadiya ta karɓa ta kai ɗakin can ta rufe. Ban tambayi abin da ke ciki ba.

Ɗan Japan zai yi jifa yau. Saif ya ce a sa shi duk da an yi masa ruwan bugu makon jiya. Na ce masa ni ban yarda ba. Gefen bakinsa ya motsa kaɗan.

Laraba, 20 ga Sha'aban, da safe

Ɗan Japan ya ci wasansa. Ta uku.

Alhamis, 21 ga Sha'aban, bayan Magariba

Muna tsakiyar jerin, ya juya hannuna ya buɗe tafin. Da yatsa ya zana harafi. Haƙora uku da ƙugiya. Sin. Ya sake zanawa a hankali.

Na san abin da yake rubutawa. Farkon sunanta ne. Na dubi takardar, idona ya faɗa kan wani mai cafe ƙwallo da ke benci tun farkon wata, sunansa da sin ya fara.

Na ce, “Wannan kake so? In sa shi a madadin Gajere?”

Ya rufe ido. Injin da ke gefensa yana ta ƙararsa. Na jira. Can ya matse min yatsu sau ɗaya.

Na sa shi. Na dawo gida na yi amai.

Juma'a, 22 ga Sha'aban

Mai cafewar bai buga komai ba.

Asabar, 23 ga Sha'aban, da yamma

Na ce wa Umma yau ita za ta shiga, ni ba zan iya ba. Ta ɗauki Alƙur'aninta ta shiga. Ina zaune a baranda tare da matan wasu marasa lafiya, wata 'yar Cadi tana ba ni labarin mijinta da ya faɗo daga gini. Ba a jima ba sai ga Umma ta fito, niƙabinta ya jiƙe ya manne a fuska.

Ta zauna kusa da ni tana numfashi. Ta ce, “Yana kallon ƙofa.”

Na ce, “E.”

“Kullum haka yake yi?”

“Sai in ana sunayen.”

Sannan ta ce, “Kin zo da takardar taki?”

Na ce tana jaka.

“Tashi ki shiga, 'yata. Lokaci bai ƙare ba.”

Lahadi, 24 ga Sha'aban, bayan Isha

Nadiya ta kawo shawarar a naɗo muryar 'yarta Sara a jawwal, wayar hannu, a kunna masa, wai muryar yara duk ɗaya ce. Yaya Abdulmajid ya ɗan yi tunani a kai. Na ce in aka yi haka gobe zan koma Kano. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ba wanda ya sake tayar da ita.

Litinin, 25 ga Sha'aban, da safe

Na yi ɓarna. Jiya bayan maganar nan na manta ban danna wajen adanawa ba, jerin shekaranjiya ne ya tafi. Mutum uku ba su da wasa. Bahago yana benci, ya buga biyu sun fita fili, ba mu sami ko ɗaya ba. Wannan makon ne kuwa ake fitar da waɗanda za su yi wasan ƙarshe, kuma da ƙungiyar Mista Ron muke karawa.

Na zauna gaban kwamfutar na yi kukan da ban yi ba tun ranar. Umma ta shigo a guje, ta ga allon, ta gan ni. Ba ta tambaya ba. Ta kashe mukayyif ta zauna a ƙasa ta ɗora kaina a cinyarta.

Litinin ɗin, bayan Magariba

Na faɗa masa. Na ce laifina ne. Ya ɗaga hannun hagu da kyar ya dafa min kai ta saman mayafi. Ya bar shi a nan har nas ta zo.

Laraba, 27 ga Sha'aban, bayan Azahar

Likita ya ce huhun ya yi kyau. Za su rage bututun, in komai ya tafi daidai farkon azumi su toshe shi, ya yi magana. Kowa yana alhamdulillahi. Ni ma na faɗa.

A mota Yaya Abdulmajid ya ce, “Ni zan faɗa masa. Zan zo da Sheikh Abdulfattah limaminmu, ya yi masa nasiha tukuna.”

Na ce, “Yaya, ka yi haƙuri, ni ce zan faɗa.”

“Ya binti, ba za ki iya ba.”

“Ni na zauna gabansa duk kwanakin nan. In wani ya faɗa masa, ni zai kalla.”

Muka wuce shataletalen Harra. Sannan ya ce, “Tayyib. Ina bakin ƙofa.”

Alhamis, 28 ga Sha'aban

Ina gwada maganar a kicin. Da Hausa ta yi nauyi. Da Larabci kamar labarin wasu ne.

Juma'a, 29 ga Sha'aban, bayan Magariba

An ga wata. Yara suna ta gudu a lungu. Umma ta jiƙa alkama ta shurba, miyar shan ruwa, kamar kowace shekara, ta auna yadda ta saba, sannan ta tsaya tana kallon kwanon.

Muna bayan Mista Ron da maki kaɗan. Saura wasannin gobe da jibi. Yau Saif ya zaɓi Tsoho. Na ce, “Tsoho fa? Mai jifan nan da hagu yake, kuma rabonsa da bugun kirki tun watan jiya.” Sau ɗaya. Na sake tambaya. Sau ɗaya.

Asabar, 1 ga Ramadan, da hantsi

Tsoho ya fita sau huɗu bai taɓa ƙwallo ba.

Lahadi, 2 ga Ramadan

Gobe.

Litinin, 3 ga Ramadan, bayan shan ruwa

An fitar da mu daga gasar. Na gani da safe, na kashe kwamfutar.

Sun mayar da shi ɗaki na sama, shi da wani dattijo da labule a tsakani. An manna auduga a maƙogwaronsa. Yaya Abdulmajid da Umma suka tsaya a waje. Na shiga ba takarda.

Na zauna. Na buɗe baki in fara abin da na shirya, sai ya danne audugar da yatsa kamar yadda suka koya masa. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kamar ta wani.

“Asama'u.”

“Na'am.”

“A ina aka sa ta?”

Ya jira.

Na ce, “Baƙi'a. Bayan sallar Azahar a Harami. Yaya Abdulmajid ne ya shiga da ita.”

Ya gyaɗa kai.

Na ce, “Wa ya faɗa maka?”

“Ba kowa. Ban suma ba sai da aka zo. Ina riƙe da ita.” Ya huta, ya sake danne audugar. “Na ga kuna ɓoyewa. Na ce ko ke ce ba ki shirya ba.”

Na ce, “Shi ya sa kake zaɓa?”

“Kina zuwa da su. Kina zama har ƙarshe.”

Dattijon da ke bayan labule ya yi tari ya juya. Wani yana tura keken abinci a baranda, ana raba dabino da ruwa tun kafin lokaci.

Saif ya ce, “Wa ya yi mata wanka?”

“Ni da Umma. Matan wurin sun bar mu.”

“Faɗa min.”

Na faɗa masa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a nan ban rubuta ba. Na ce fuskarta ba abin da ya same ta. Na ce kitson da na yi mata ranar Talata bai warware ba, sai da na kwance shi da hannuna. Umma tana zuba ruwa ina bi. Da na zo ƙafafunta na sami yashi a tsakanin yatsun, fari, mai laushi, ba irin na nan ba. Na daɗe ina wankewa.

Na ce, “Ta shiga tekun ke nan?”

Ya ce, “Ta shiga. Da farko tsoro take ji, ta riƙe min wando. Daga baya da kyar na fito da ita. Ta ce a dawo da Mama.”

Aka kira Magariba a masallacin mustashfa. Umma ta leƙo da dabino a hannu, ta dube mu, ta shigo ta rufe ƙofar.